Daga Tagar Yankan Kati a Sabuwa

Duk shekara, da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai iyaye a Sabuwa su fara zarya wajen duk wanda suka san yana aikin asibiti. Ni ma ana zuwa mini. Uba zai zo da takardar ɗansa ko 'yarsa a ninke cikin aljihu, a gaisa, a tambayi iyali da damina, sannan ya ce: "Malam, so nake yaron nan ya yi karatun lafiya." Abin da ke ransa shi ne aikin nas, ko ungozoma, ko malamin asibiti mai duba mutane ya rubuta magani. Idan na ambaci karatun adana bayanan lafiya, wanda shi ne nawa, sai fuska ta canja. Wani dattijo ya taɓa tambayata, kuma ba da raini ba: "Yanzu ɗana, yankan kati ma sai an je makaranta?"

Ba na ganin laifinsa. Abin da yake gani shi ne taga, da hannu mai miƙo kati, da wani yaro da ke ɗauko fayil daga kanta. Abin da ke faruwa bayan an rufe tagar ba ya ganin sa. Kowane ƙaramin asibiti yana da rajistoci: ta masu zuwa a duba su su koma gida, ta awon ciki, ta haihuwa, ta rigakafi, ta yara masu tamowa, da sauransu. Idan wata ya ƙare, sai a zauna a ƙirga abin da ke cikinsu layi-layi, a cike fom ɗin taƙaitaccen rahoton wata, a kai wa jami'in da ke tattara alƙaluman lafiya na ƙaramar hukuma. Shi kuma ya shigar da su cikin DHIS2, wata manhaja da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙiro, wadda Najeriya ta ɗauka a 2013 a matsayin ma'ajiyar alƙaluman lafiyarta. Daga nan ana ganin su a Katsina, ana ganin su a Abuja, hukumomi irin su WHO da UNICEF ma suna dubawa. Da su, da rahoton magungunan da aka yi amfani da su, ake yanke shawarar inda za a tura maganin zazzaɓin cizon sauro da kayan gwaji, da inda za a ƙara ma'aikata, da inda za a ɗaga hankali. Yaron da ƙyanda ta kama a wani ƙauye kan iyakarmu da Birnin Gwari, in ba a rubuta shi ba, a wurin masu rabon magani bai taɓa yin ciwo ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake riƙe da aikin nan da daraja, kuma nake so 'ya'yanmu su shige shi da saninsu, ba don sun rasa gurbi a wani fanni ba.

Abin da ya fi ba ni wuya a farkon aiki shi ne suna. A makaranta an koya mana ƙa'ida mai sauƙin faɗa: mutum ɗaya, lamba ɗaya, fayil ɗaya har ƙarshen rayuwarsa. Wani likita mai suna Henry Plummer ne ya kafa wannan tsari a asibitin Mayo da ke Amurka tun 1907, don duk likitan da ya ga mara lafiya ya tarar da tarihinsa a wuri guda. Sama da shekara 100 ke nan, amma a tagarmu kullum sai an yi fama kafin ƙa'idar ta tabbata. Mace za ta zo yau a rubuta mata A'isha. Bayan wata shida uwar mijinta ta kawo ta, ta ce sunanta Indo. Wani zuwan ƙanin miji ne ya rako ta, shi kuwa Ladi ya sani, don ranar Lahadi aka haife ta. Suna na biyu kuma, yau na uba, gobe na miji. Idan ka ce, "Hajiya, yaya sunan maigidan?" sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ko ta waiga ta nemi wata ta faɗa a madadinta. Haka za ta yi in ka tambayi sunan ɗan farinta. Wannan kunya ce da aka tashe mu a kanta, kuma mai kati ba shi da hurumin yin tsaki a kai. Ga shi kuma katin da aka ba ta bara gara ta ci, ko ruwa ya jiƙa shi, ko an baro shi a ƙauye daren da aka guje wa ɓarayin daji.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yanki sabon kati a buɗe sabon fayil, layi ya ragu. Amma kowane sabon fayil yana raba tarihin mutum gida biyu. Matar da ta yi jijjiga a cikinta na baya, ko aka yi mata tiyata aka ciro jariri, ko ta zubar da jini bayan haihuwa, dole ungozoma ta san haka tun ranar awon farko, don ta san wannan ba mai haihuwa a gida ba ce. Idan labarin yana kwance a fayil ɗin A'isha, ita kuma ta shigo da fayil ɗin Indo, ungozoma za ta karɓe ta kamar wadda ba ta da wata matsala. Saboda haka na koyi tambaya a hankali. "Inna, wane suna ake kiran ki da shi a gida? Na yanka fa?" Sai in rubuta duka biyun. In tambayi unguwa, da mai unguwarsu, da sana'ar maigida, tunda mace ba ta jin nauyin cewa mijinta mahauci ne ko tela. Minti biyu ne kawai suke ƙaruwa, amma su ne ke sa a gano tsohon fayil.

Shekaru ma haka. "Baba, shekarunka nawa?" Amsar da na fi ji ita ce: "Allah ne masani, rubuta abin da ka gani." Idan ka duba rajistar da aka cike da gaggawa za ka tarar kowa 30 ne, ko 40, ko 50, kamar ba a haihuwar mutane a tsakani. Ga manya, abubuwan da suka faru su ne kalanda: canjin kuɗi na zamanin Buhariyya a 1984, ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, rasuwar Abacha a 1998, hawan Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa kujerar gwamna a 1999. Ga yara kuwa watanni ake nema, domin allurar ƙyanda a wata 9 ake fara ta, maganin kariya daga zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina kuma na 'yan wata 3 zuwa wata 59 ne. Nan sai ka koma ga azumi da Sallah da Mauludi da lokacin karyar masara. Mai kati da bai iya daidaita watan Musulunci da na Bature a ka ba, zai yi ta jefa yara a rukunin da ba nasu ba.

Mutane kan yi mamaki idan na ce a karatunmu akwai sanin sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, da kalmomin likitanci, da lissafin ƙididdiga, da dokokin aiki. Dalilin shi ne ba za ka iya tsara abin da ba ka fahimta ba. A manyan asibitoci kowace cuta tana da lambarta a kundin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya: amai da gudawa irin na kwalara A00 ne, ƙyanda B05, zazzaɓin cizon sauro daga B50 zuwa B54, hawan jini I10. Wannan a bugu na 10 ke nan, bugu na 11 kuma ya fara aiki a watan Janairun 2022, wato wanda ya gama makaranta ma bai gama koyo ba. Sai ka karanta rubutun likita, ka gane abin da ya kwantar da mutum da abin da ya biyo baya, sannan ka ba shi lamba. In rubutun bai fito ba, ka tashi ka same shi: "Likita, don Allah a nan me ka rubuta?" Matasa da yawa suna jin tsoron wannan tambaya. Likitan kirki ba ya jin haushinta. A ƙananan asibitoci irin namu ba a cika sa lambobin ba, amma ido ɗaya ake buƙata. Rajista tana da gurbin masu zazzaɓi, da na waɗanda aka yi wa gwaji, da na waɗanda gwajin ya nuna cutar, da na waɗanda aka ba magani. Idan waɗanda aka ba magani sun fi waɗanda gwaji ya tabbatar yawa, akwai magana: ko kayan gwaji sun ƙare, ko ana ba da magani da ka. Mai kati ne zai fara gani, tun kafin wani baƙo ya zo daga Katsina.

Akwai wani abu kuma da littafi bai shirya ni a kansa ba, sai da halin da yankinmu ya shiga ya koya mini. Duk wani kaso da ake faɗa, a ce an yi wa kashi kaza na yara rigakafi, rabawa ake yi da adadin yaran da ake zaton suna yankin. Wannan adadi kuwa daga ƙidayar 2006 ake hasashensa, domin ita ce ta ƙarshe da aka yi a Najeriya. Ana ɗaukar kashi 4 cikin 100 na jama'a a matsayin jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 5 masu ciki, kashi 20 yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Lissafin yana tafiya ne a kan zaton mutane suna nan inda aka ƙirga su. To, tun da ɓarayin daji suka addabi Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, ƙauyuka nawa ne suka watse? Mutanensu suna cikin garin Sabuwa, suna Ɗandume, suna Funtuwa, a gidajen 'yan'uwa da kangaye. Sai ka ga asibitin cikin gari ya yi rigakafin da ya haura kashi 100, na ƙauye kuma ya faɗi warwas. Wanda ke kallon allon kwamfuta daga nesa zai yaba wa na farko ya tuhumi na biyu, alhali yaran nan su ɗin ne dai, wuri suka canja. Haka kuma akwai bambanci babba tsakanin sifili da gurbin da aka bari fayau. Sifili yana nufin an buɗe asibiti, ba a ga mai cutar ba. Gurbin da ba a cike ba yana iya nufin ma'aikaci ya gudu da ransa, ƙofa a rufe, cuta kuma tana can tana cin mutane. Wanda ya cike irin wannan gurbi da sifili don fom ya yi kyau ya shafe ƙauye guda daga idon hukuma. Na koyi in riƙa haɗa rahoto da ɗan bayani a rubuce: wane gari ya tashi, ina mutanensa suka sauka, wane asibiti ne ba ya aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in bai faɗa ba babu mai faɗa masa.

A nan ne jarrabawar gaskiya take. A wani wuri da na taɓa aiki, wani da ke gaba da ni ya kira ni gefe ana gobe masu duba aiki za su zo, ya ce: "Malam, ka ɗan gyara mana alƙaluman nan, kada a ga kamar ba ma aiki." Na ce masa: "Ranka ya daɗe, in na rubuta an yi wa yaran nan allura alhali ba a yi ba, ranar da ƙyanda ta shigo ba za a kawo mana ɗauki da wuri ba, don takarda ta ce mun tsira." Bai ji daɗi ba, amma ya bar maganar. Ana iya kama irin wannan ƙarya, tunda kwalaben allurar da aka karɓa suna da adadi, kuma ana gwada rajista da fom. Wadda ba a kama ba ita ta fi ba ni tsoro. A tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Abin da ya tona matsalar shi ne an lura yara suna mutuwa fiye da yadda aka saba, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta bi sawu. Kafin a ce abu ya wuce yadda aka saba, sai an san yadda aka saba ɗin, wannan kuwa sai da rajista mai gaskiya.

Yaran yanzu da ke sha'awar fannin nan kwamfuta ce ke jan su, kuma suna da gaskiya. Manyan asibitoci da dama sun koma ajiye bayanan marasa lafiya a na'ura, aikin rigakafi da na sa ido kan cututtuka kuma da waya ake aika rahotonsa. Wanda bai iya Excel da DHIS2 ba, kasuwarsa ta ragu ƙwarai. Amma mu a nan mun ga ranar takarda. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Ɗandume da Funtuwa, aka shafe watanni babu sabis. Shekarar ce kuma kwalara ta yi ɓarna a faɗin ƙasa, inda waɗanda ake zaton sun kamu suka haura 100,000, mutum sama da 3,000 suka rasu. Irin wannan cuta ba a jiran ƙarshen wata, ko mutum ɗaya aka gani dole a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka nan take. Babu kira, babu saƙo. Da hannu muka riƙa rubuta rahoto, a ba amintaccen direba, wanda zai shigar da alƙaluma a na'ura kuma sai ya yi tafiya ya fita daga yankin da aka rufe. Waɗanda suka iya jan layi a littafi su haɗa rajista idan ta ƙare, suka iya ƙirga da hannu su sake ƙirgawa, su suka riƙe aikin. Ko yau ma, ga rashin wuta, ga sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Wanda zai yi aikin nan a Sabuwa sai ya iya duka biyun, kuma ya fara da takarda, domin abin da aka rubuta ba daidai ba a rajista haka na'ura za ta haɗiye shi ta kai Abuja.

Sai maganar sirri, wadda a ƙaramin gari ta fi nauyi. A Kano mai kati bai san yawancin masu zuwa tagarsa ba. A Sabuwa fayil ɗin da ke hannunka na maƙwabcinka ne, ko na surukar yayanka, ko na limamin unguwarku. Ka san wanda ke karɓar maganin tarin fuka, da wadda ta yi ɓari, da wanda gwajin jininsa ya fito da abin da ba a so. Za a zo maka ta hanyar zumunci: dangin saurayi suna so su ji lafiyar yarinyar da za su aura, miji yana so ya ga abin da matarsa ta faɗa wa likita. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanin mara lafiya sai da amincewarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko inda ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin haɗari. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara ƙarfafa wannan. Tun kafin dokokin dai iyayenmu sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan shi ne waya: a kawo wanda aka harba ko aka sara, kafin a gama ɗaure masa rauni hotonsa ya zagaya WhatsApp. Ranar da mata suka fahimci maganar ɗakin kati tana fita kasuwa, ranar za su daina faɗin gaskiya a asibiti, wasu ma su daina zuwa.

Ga mai son shiga, hanyar a bayyane take. Ana buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi da darussan kimiyya, musamman Bayoloji. Akwai karatun difloma ta ƙasa, wato ND, na shekara biyu, sai a yi shekara guda ana aikin koyo, sannan HND shekara biyu. Asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna da makarantun wannan fanni, kuma ɗalibi a can yana ganin manyan ɗakunan fayil da idonsa. A jiharmu akwai makarantun koyon aikin lafiya na gwamnati a Kankiya da Daura, sai a je a tambayi kwasa-kwasan da suke ɗauka a shekarar. Makarantu masu zaman kansu kuwa sun yi yawa yanzu, akwai nagari akwai na neman kuɗi. Kafin uba ya sayar da buhunan masararsa ya biya kuɗin makaranta, ya tabbatar da abu biyu: hukumar NBTE da ke Kaduna ta amince da kwas ɗin, kuma hukumar rajistar jami'an bayanan lafiya ta ƙasa, HRORBN, wadda aka kafa da doka mai lamba 39 ta 1989, ta san da makarantar kuma za ta sa sunan ɗalibin a rajistarta. Ita ce ke shirya jarrabawar ƙwarewa ta ba da lasisi. Na ga yaran da suka ƙare karatu suka dawo da takarda mai ado, amma babu lasisi, babu kuma wanda zai ɗauke su.

Ba zan ce aiki yana jiran kowa a bakin ƙofa ba. Da yawa suna farawa ne da aikin sa-kai ko na wucin gadi, wani lokaci na tsawon shekaru, ana ba su abin da bai taka kara ya karya ba. Amma ƙofofin sun fi na da yawa: asibitocin gwamnati da na kuɗi, ofishin alƙaluman lafiya na ƙaramar hukuma, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha wadda ba ta biyan asibiti sai da bayanai, shirin asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta kafa, da ƙungiyoyin agaji masu neman wanda ya san yanki kuma ya iya alƙaluma. Wanda ya haɗa lasisi da iya kwamfuta da rubuta rahoto mai ma'ana da Turanci ya fi saurin samun shiga.

Inda muka fi ƙaranci shi ne mata. Yawancin masu tsayawa a tagarmu mata ne da goyo, kuma akwai abin da mace ba za ta faɗa wa namiji ba ko da an kwana ana tambaya: yawan cikin da ta yi, wanda ya zube, ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe. Na sha ganin matar da ta yi mini shiru ta juya ta zayyana wa ma'aikaciya komai cikin minti ɗaya. Aikin kuma a cikin gari yake, yawancinsa da rana, ana iya haɗa shi da zaman aure. Iyayen da ke zuwa mini da takardun 'ya'yansu mata, waɗanda gurbin nas da na ungozoma a Katsina da Malumfashi bai ishe su ba, su nake fara nuna wa wannan hanya, in ce su zo da yarinyar ta zauna tare da mu ranar awon ciki ta ga aikin da idonta kafin a sayi fom.